Kazar Takarda a Barandar Baba Karimu

Duk unguwar Aboabo babu inda za mu ajiye tebur mu yi wasanmu sai barandar kakana, Baba Karimu mai ɗori. Ɗakin uwata mutum shida ke kwana a ciki. Bakin titi kuwa mun gwada sau ɗaya, ɗan ludonmu ya faɗa kwata, muka tsaya muna kallonsa yana tafiya.

Wasan ba wuya. Ni ne mai ba da labari. Kowa yana da takarda da sunan jaruminsa da lambar jininsa. In dodo ya kai maka duka, a jefa ɗan ludo, a rage maka jini, ni kuma in faɗi yadda abin ya faru. A waya na koya bayan na bar makaranta, kuma a rayuwata shi ne abu na farko da na zauna a kansa fiye da wata uku.

Seini, wanda ke gyaran mota a Suame, shi ke riƙe da Barde Mai Gatari. Nasiba tela ita ce mai magani a wasan. A ɗaya gefen barandar akwai bencin marasa lafiyar Baba, kuma a lokacin Farouk direban pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya yi sati biyu a kai, ƙafarsa ta hagu ɗaure da karare. Ba shi da abin yi sai sauraronmu.

Ran Lahadi bayan la'asar Dodon Rijiya ya sami Barde. Ɗan ludo ya ba da shida. Na miƙe tsaye, don irin wannan ba a faɗarsa a zaune.

Na ce, "Kulkin ya sauka a ƙaurinka. Ƙashi ya ce ƙaras! Ƙafar ta juya tana kallon inda ka fito."

Seini ya kama ƙafarsa ta gaske. "Nasiba, ki yi wani abu mana!"

Nasiba ta jefa. Shida ita ma.

Na ce, "Ta shafa ƙafar, haske ya fito, ƙashi ya haɗe. Barde ya tashi da gudu."

Daga benci Farouk ya ce, "Da gudu?"

"Da gudu."

"Yanzu-yanzun nan?" Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya. "Baba! Ka ji ko? Ni sati biyu ina shan koko a kwance, ga wani can an gama masa kafin a ce kwabo!" Ya fara kwance ɗaurinsa. "Nasiba, miƙo min abin nan in jefa."

Baba ya fito da tsumma a kafaɗa, hannunsa duk man kaɗanya. Ya buge hannun Farouk, ya mayar da ɗaurin, sannan ya dube ni.

"Abdul-Fatawu, shekara arba'in da ɗaya ina ɗori a gidan nan. Ba a taɓa yin ƙashin da ya haɗe kafin magariba ba. Ko a yi wa mutumin nan ɗori yadda ake yi, ko ku kwashe teburinku yau."

"Baba, ai babu mutumin. Takarda ce."

"To wa ya karye?"

Seini ya miƙa takardar da hannu biyu.

Baba ya sa tabarau, ya shimfiɗa Barde a cinyarsa. "Ta wane gefe aka doke shi?"

"Ta hagu."

"Yana tsaye ko yana gudu?"

"Yana tsaye."

"Ƙaras ka ce, ko tas?"

"Ƙaras."

Ya girgiza kai. "Wuri biyu ke nan. Kuma in ta hagu aka doke shi, ƙafa ba ta juyawa baya, ciki take shiga. Kana ba da labarin karaya kamar wanda bai taɓa ganin ko ta akuya ba, alhali a gidan nan aka yi maka suna."

Nasiba ta ce, "Baba, ni fa na jefa shida."

"'Yata, shidanki ta sauke kumburi. An gode."

Ya shafa wa takardar man kaɗanya har lambar jinin ta narke. Ya fasa tsinken tsintsiya huɗu, ya jera, ya naɗe da zaren Nasiba. Ya kwantar da Barde a kan benci kusa da Farouk, ya ce masa ya matsa kaɗan. Farouk ya matsa.

Na ɗauka an gama. Sai Baba ya ce, "A kamo kaza."

Haka ake yi a gidanmu tun kakanninsa a arewa. In aka ɗaure ƙafar mutum, sai a karya ta kaza a ɗaure. Ranar da kazar ta taka, ranar mutum zai taka. Ta Farouk ta tsere tun sati na farko da ɗaurinta, abin da ya sa Baba ba ya son a ta da zancen. Kazar da ta rage a gidan ɗaya ce, ta kakata Safura, wadda take kira 'yar auta, take ba ta shinkafa da miya.

Daga madafa Kaka ta ce, "Duk wanda ya taɓa min kaza, shi za a yi wa ɗorin." Ba ta ko leƙo ba.

Baba ya ce, "Ba kaza, ba ɗori. Ba ɗori, ba tebur."

Seini ya fara tattara 'ya'yan ludo. Na dubi barandar, na tuna kwata. Na yago takarda daga littafina.

"Baba, majinyacin takarda ai kazar takarda ta dace da shi."

Ya dubi takardar da ke hannuna. Sannan ya ce, "Maganarka tana kan hanya. Zana ta. Mace, ba zakara ba."

Na zana, na ba ta jini uku. Baba ya ninke ƙafar hagu da farce, ya ɗaure da tsinke.

Nasiba ta ce, "Ai kowace takarda sai da mai riƙe ta. Wa zai zama kazar?"

Duk muka juya wajen Farouk.

Farouk ya ce, "Chale, abokina, ni da nake da iyali?" Amma ya riga ya miƙo hannu.

Sati shida muka yi a haka. Duk Lahadi Baba yakan zo ya zauna, in ba da labarin ƙafar Barde, yana gyara min. Na koyi cewa ciwon sati na farko bugawa yake yi kamar ganga. Na uku ƙaiƙayi ne a inda hannu ba ya kaiwa. Na huɗu ƙafa takan rame har mai ita ya ƙi gane ta. In na faɗi daidai Baba ya ce "Hm." In na ƙara gishiri ya ce, "Sake."

Seini ya sha wuya. Duk zagayensa sai in tambaye shi, "Barde zai yi me?"

"Zan ɗauki gatari."

Baba ya ce, "Zai sha koko."

"To zan juya kwanciya."

"Jefa mu gani."

Farouk kuwa ya ɗauki kazar da gaske. Ya ce sunanta Hajiya. In na ce ga tsaba can bakin rijiya, sai ya ce, "Hajiya ba ta motsi, ƙafarta ba ta nuna ba. A kawo mata nan." Saboda Hajiya ya daina taɓa nasa ɗaurin, wai kada ya ba ta mummunan misali. Tana kwance ta tsone idon aljani biyu, ta gano taska a ƙarƙashinta. Kafin wata ya ƙare ta fi Barde daraja.

Ran Lahadi ta shida Farouk ya jefa, biyar ta fito. Na dubi Baba, ya gyaɗa kai.

Na ce, "Hajiya ta sauke ƙafar a hankali. Ta janye. Ta sake saukewa. Ta yi taku ɗaya, tana ɗingishi."

Baba ya ce, "Hm." Ya kwance kazar, ya kwance Barde, ya kwance Farouk. Farouk ya dafa bango ya yi taku uku har bakin tebur, ya ja kujera ya zauna cikinmu.

Baba ya goge hannu. "Teburin ya zauna. Amma duk wanda ya karye, a kira ni."

Na buɗe littafina. "Kun koma bakin rijiya. Dodo ya fito da kulkinsa. Barde zai yi me?"

Seini ya dubi takardarsa mai ƙamshin man kaɗanya, ya dubi benci.

Ya ce, "Zan gaishe shi. In tambayi mutanen gida."

Farouk ya ce, "Matsoraci. Matsa, Hajiya za ta shiga."