Ragon Maza a Bayan Tagar Baba Jimoh

Halilu tela yana kan keken ɗinki ya ji ƙaurin hayaƙi. Ya fito ba takalmi, ya tarar da Lateef, ɗan maƙwabcinsa Baba Jimoh, riƙe da kwalbar kananzir. Wuta na cin duhuwar da ke bakin kududdufi, dab da tagar ɗakin tsohon.

"Kai Lateef, uban wa ya sa ka?"

Lateef ya ce wani mai magani a Sabon Gari ne ya faɗa masa, tsuntsun da ke kuka a duhuwar nan shi ke kiran ran mahaifinsa tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ai ya gan shi da idonsa: jan ido, baƙin kai, dogon bindi.

Zuciyar Halilu ta taso. Ragon maza ne fa, wanda duk Fagge an san shi. Fiffike ja kamar ƙasa, farin ƙirji, ko tashin kirki ba ya iyawa, sai sanɗa cikin ciyawa yana farautar fara da ƙadangaru. Kukansa kamar ana tsiyayar ruwa daga kwalba, damina kawai yake yi wa maraba. Kullum da hantsi Baba Jimoh kan sa Halilu ya buɗe masa taga ya saurara, yana cewa irinsa ne ke kuka a gonar kakarsa a Ogbomosho.

"Ka tambayi mahaifinka? Ka taɓa baro kasuwa ka zauna ɗakin nan da hantsi?"

"Malam, magani nake nema masa."

"To ga maganin can yana shiga ta taga."

Iska ta riga ta juya, ta tura hayaƙin cikin ɗakin tsohon. Suka kutsa ɗakin ba su ganin juna, suka cicciɓo tsohon zuwa zaure, tari na neman raba shi biyu. Da ya samu numfashi, sai ya kama hannun rigar Halilu.

"Akwai 'ya'ya a sheƙar," in ji shi.

Tsohon bai kai la'asar ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Lateef ya durƙusa gaban Halilu, ya riƙe hannunsa yana kuka. Halilu ya yi masa ta'aziyya a taƙaice, ya zare hannunsa, ya zagaya bayan gida.

An fara yayyafi. Tagar tana nan a buɗe. Ragon maza yana takawa a hankali cikin toka, da fara a bakinsa, yana leƙa gindin kowane ƙonannen kara.