Watannin da Mama Ba Ta Nan

Daga ƙafa abin ya fara. Mama ta daɗe da ciwon suga, ta kuma iya zama da shi, amma da shekaru suka ja sai tafin ƙafarta ya riƙa zafi kamar ta taka garwashi. Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta dawo gida tun bayan mutuwar aurenta, ita ta kai ta asibitin masu suga. Likita ya rubuta wata 'yar ƙwaya, ya ce a sha kafin a kwanta, za ta kwantar da jijiyoyin. Ta kuwa kwantar. Mama ta ce rabonta da barci irin wannan tun tana budurwa.

Duk layin Malama ake ce mata, don ta yi shugabancin makarantar firamare har ta yi ritaya. Mace ce mai jiki da murya, ga kai kamar reza. Mai karanta labarai a rediyo ma bai tsira ba, in ya karya jimla sai ta gyara masa daga kan kujerarta. Manyan mutane masu furfura kan tsaya gaishe ta, ta ce, "Kai ne mai kuka in an ce a fito allo," su yi ta sosa ƙeya.

Mutum ɗaya ce ba ta jin tsoronta, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda Auta ke kira Inna. Inna ba ta taɓa haihuwa ba, da mijinta ya rasu sai ta tare a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa, tana saƙa hulunan jarirai. Siririya ce, shi ya sa Mama ke ce mata Tsinke.

"Gara tsinke da buhu, Yaya Malama," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi daga saƙarta.

Haka suke wuni. Su yi faɗa a kan taga, su yi a kan gishiri, su yi a kan shekarar da aka yi wani abu da duk waɗanda suka shaida shi sun mutu. In Auta ta dawo daga shagon kwafin takardu inda take aiki, tun daga bakin ƙofa take jin muryoyinsu, sai hankalinta ya kwanta.

Akwai abin da Auta ba ta sani ba a lokacin. Fitsari ya fara kufce wa Mama, ita kuwa gara ta mutu da 'yarta ta ji wannan magana. Inna kaɗai ta faɗa wa. Wata rana Auta na wurin aiki, suka lallaɓa wani ƙaramin asibiti kusa da tashar bas. Likitan ya tambaya ko tana shan wani magani, ta ce na suga ne kawai, don a wajenta ƙwayar ƙafa ma ta suga ce, tunda can aka ba ta. Ya rubuta mata maganin riƙe mafitsara. Inna ta ɓoye shi a jakar saƙarta, ita ke ba ta kullum bayan Auta ta fita, ita ke zuwa karɓo wani in ya ƙare.

Ana cikin haka mura ta kama Mama. Auta ta biya kemis ta sayo mata ƙwayar mura, irin mai sa barci. Mura ta tafi, amma Mama ta ce ƙwayar na yi mata daɗi, Auta ta ci gaba da sayowa. Abin da ake sayarwa kowa a kan kanta, wa zai kira shi magani?

Bakin Mama ya fara bushewa, har harshe na manne mata in tana magana. Bayan gida ya gagara. Ta ce rubutun jarida ya dushe, aka sake mata tabarau, bai yi ba. Sai mantuwa ta biyo baya. Auta ta tsinci tabarau ɗin a firiji, suka yi dariya su uku. Ranar da Mama ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce wa yaran da ke ciki su fito a yi layi, ba wanda ya yi dariya.

Wan Auta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo daga garin da yake aiki, suka kai Mama asibiti. Aka tambayi magungunanta, Auta ta lissafa na suga da na ƙafa. Aka yi gwajin jini, aka ɗauki hoton kai, ba a ga wani abu ba. A mota Injiniya ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba.

"Tsufa ne, Auta. Haka kakarmu ta yi. Sai haƙuri."

"Amma Yaya, da sauri haka?"

"Wani yakan zo da sauri."

Auta ta yarda.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne yadda Mama ta juya wa Inna. Takan gane Auta wani lokaci, takan gane muryar Injiniya a waya, amma Inna ta zame mata baƙuwa. Da ta shigo ɗaki sai Mama ta ƙanƙame jakarta.

"Wace ce wannan? Auta, fitar min da matar nan. Sata take zuwa yi."

"Ni ce Tsinke, Yaya Malama."

"Ƙarya kike. Ƙanwata yarinya ce."

Wata safiya ta jefe ta da kofin shayi, ya fasa mata gira. Inna ta dafe wurin da bakin zaninta, ta tsince fasassun, ta ce wa Auta ta tafi aiki kada ta makara. Daga ranar ta koyi shiga ɗakin ta bayan kujera, ta miƙo abinci da magani ta gefe, ba tare da ta yi magana ba. Ita ke wanke zannuwan gado, ita ke shafa wa Mama mai a leɓe. Gidan ya yi tsit. Auta takan tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, ta ji ba ta son shiga.

Inna na da hawan jini, amma ta daina zuwa a duba ta, wai wa za ta bar wa Yaya Malama. Wata ranar hutu tana shanya a bayan gida, Auta ta ji faɗuwar bokiti. Ta same ta kwance, baki ya karkace. Ba ta ƙara magana ba. Kafin mako ya zagayo ta cika a asibiti.

Injiniya ya ce dole a faɗa wa Mama. Suka durƙusa gabanta, ya faɗa a hankali. Mama ta dube shi da ladabi irin na wadda aka kawo wa labarin wata unguwa.

"Allah ya jiƙanta. 'Yar gidan waye?"

Daga nan ta juya ta ce wa yaran ƙarƙashin tebur su yi shiru, ana magana.

Bayan 'yan zaman makoki sun watse, Auta ta ɗauki hutu ta zauna da Mama. Sai ta ga kamar Mama na ɗan sauƙi. Ta nemi ruwa da sunansa, ta tambayi ranar da ake ciki. Fitsari dai ya riƙa zubo mata, Auta ta ɗauka ciwon ne ya ci gaba. Da ta shiga gyara ɗakin Inna, sai ta ga kwalayen magani a jakar saƙa, da sunan Mama a jiki. Ashe akwai maganin da Inna ke ba ta, ga shi an yi kwanaki ba ta sha ba. Ta yi ta zargin kanta da sakaci, ta kuma ci gaba da ba ta kamar yadda aka rubuta.

Ba a jima ba yaran suka dawo ƙarƙashin tebur. Fitsarin kuma ya tsaya cak, mara ta kumbura, Mama na murƙususu. A asibiti aka sa mata robar fitsari. Likitar da ta karɓe su, wata mai sanyin murya da alamar gajiya a ido, ta ce wa Auta ta koma gida ta kwaso duk abin da Mama ke haɗiya, har wanda ba ta ɗauka magani ba ne.

Auta ta zazzage ledar a kan tebur. Likitar ta ture na suga gefe, ta jera uku a gabanta.

"Wannan na ƙafa, wannan na mafitsara, wannan na mura. Ciwo uku, amma a jiki hanya ɗaya suke bi. Kowanne na busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe fitsari, ya kuma taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta tsoho. Ɗaya kaɗai wataƙila ta iya ɗauka. Uku a haɗe sun yi mata yawa."

"Kina nufin ba tsufa ba ne?"

"Ban yi miki alkawari ba. Wataƙila akwai tsufan a ƙasa. Za mu janye su, na ƙafar a hankali don ba a yanke shi lokaci ɗaya, mu ga abin da zai rage."

Auta ta kalli ƙwayar murar da ta yi watanni tana sayowa da hannunta. Ta ce, "Ni na riƙa ba ta wannan."

"Kowa ya ba ta abin da yake ganin zai taimaka," in ji likitar. "Ba wanda ya ga ukun a wuri ɗaya."

Mama ta dawo kamar yadda ruwa ke dawowa famfo, da tari da tsayawa. Yau ta gane ɗakinta, gobe ta ɓace, jibi ta nemi jarida. Wata rana da hantsi rediyo na magana, Auta na goge tebur, sai ta ji daga bayanta an ce, "Ba haka ake faɗa ba." Ta juya. Mama na hararar rediyon. Auta ta shige kicin ta toshe baki da tsumma ta yi kuka, daɗi da tsoro a haɗe, don ta san tambayar da ke tafe.

Ba ta daɗe ba kuwa. Da la'asar Mama ta dubi ƙofar ƙaramin ɗakin.

"Wai ina Tsinke ta shige ne? Fushi take da ni?"

Auta ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafafunta, ta faɗa mata. Wannan karon maganar ta shiga. Mama ba ta yi kuka nan take ba. Ta tambayi yaushe, ta tambayi me ya same ta, ta tambaya ko an faɗa mata a lokacin. Auta ta ce an faɗa.

"Me na ce?"

"Kin yi mata addu'a, Mama."

Mama ta sake duban ƙofar ƙaramin ɗakin. Can ta ce, "Akwai wata mata da ke shigo min ɗaki. Ina tsoronta. Kamar na jefe ta da wani abu." Ta dubi Auta ido cikin ido, irin kallon da ba a yi masa ƙarya. "Ita ce?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ta ji ciwo?"

"Kaɗan, a gira. Ba ta riƙe ki ba, Mama. Ranar na ce ta tafi gidan Yaya Injiniya ta huta, ta ce a'a. Ta ce Yaya Malama ba ta nan, ita ajiya take tsaro kafin ki dawo."

A nan Mama ta fashe. Auta ba ta taɓa jin kukan mahaifiyarta ba, ko ranar da mahaifinsu ya rasu. Kuka ne mai kauri, na wadda ba ta saba ba. Cikinsa take cewa, "Ni na ce kada ta faɗa miki. Ni na sa ta rantse. Saboda kunyar fitsari."

Labari ya bazu a layi cewa Malama ta warke. Aka yi ta zuwa barka, Injiniya na ta godiya ga Allah a waya. Mama na amsa kowa da sunansa da na ubansa, amma ba ta tsokanar kowa. Zafin ƙafa ya dawo, likitar ta ba ta wani magani daban, sai da ta sa aka karanta mata takardar cikin kwalin kaf kafin ta sha. Na mafitsara kuwa ta ce a bar shi, za ta sa ƙunzugu.

Da ƙarfinta ya dawo, ta ce Auta ta raka ta ƙaramin asibitin nan na kusa da tashar bas. Auta ta ɗauka faɗa za ta je yi. Amma da suka shiga, Mama ta zauna ta ba likitan labari daga farko har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka tambaye ni, na ce na suga ne kawai. Ba laifinka na zo faɗa ba. Amma in tsohuwa ta ce maka haka, ka ce ta kawo ledar ka gani da idonka."

Likitan ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya tambayi ina wadda ke zuwa karɓar maganin, mai yi masa ba'a a kan rubutunsa. Mama ta ce ta rasu. Ya yi musu ta'aziyya, ya rako su har ƙofa.

A tasha suka zauna kan benci. Bas ta zo, Auta ta miƙe, Mama ba ta motsa ba, sai ta koma ta zauna. Mutane suka shiga, bas ta tafi.

"Wa ke wajenta da ta cika?" in ji Mama.

"Ni."

"Kin riƙe mata hannu?"

"Na riƙe."

"Ba ta son a rufe mata ƙafa in tana kwance. Tun muna yara."

"Ban sani ba, Mama. Na rufe mata, don na ji ta yi sanyi."

Mama ta gyaɗa kai. Ta ce ba komai, ai ba ta sani ba. Ta ce su ɗan ƙara zama, ba ta shirya komawa gidan ba tukuna.