Mai Unguwar da Ya Hana Tayi

Tun da aka ba Ilaitia lasifikar hannu, mutanen Vunitavola, wani ƙauye da ke kan tsibiri, ba su sake samun sakat ba. Kafin zuwan korona, da maƙogwaronsa yake shela kamar kowane mai unguwa: ya zaga gari da yamma ya ce gobe akwai sharar makabarta ko gyaran rufin coci, wanda ya ji ya ji, wanda ba ya son aikin ya ce iskar teku ce ta kwashe maganar. To da aka sa dokar kulle, jiragen ruwa suka daina zuwa daga Suva, babban birnin ƙasar, sai aka aiko wa kowane mai unguwa lasifika da kwalin takunkumi. Ilaitia ya rataya tasa a wuya, ya shiga kafa doka ba ji ba gani. Ya hana zaman shan yangona, jiƙon saiwar da maza ke taruwa su sha, ya hana matasa wasan zari-ruga, ya hana musafaha. Duk aka bi, ana yi ana gunaguni. Har matarsa Salanieta sai da ta roƙe shi ya riƙa kashe abin idan zai tambaye ta inda ta ajiye masa tawul.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, taubashinsa Waisale.

A Vunitavola ba a cin abinci ƙofa a rufe. Da zarar an shimfiɗa ƙyallen cin abinci a kan tabarma, duk wanda ya gifta sai an ɗaga murya an ce ya zo a ci, shi kuma ya ce ya gode, ya ƙoshi, ya yi gaba. Mai tayin ya fita kunya, mai wucewa ya san ana yi da shi, shi ke nan. Waisale kaɗai ya ɗauki tayi da gaske. Da can akwatunan baƙi yake ɗauka a wani otal a birnin Nadi, da otal ya rufe ya dawo gida da ƙaton tumbi da rashin abin yi. Ya san lokacin da tukunyar kowane gida ke sauka. Sai ya ɗaura zanensa irin na mazan tsibirin, ya saƙale takunkumi a haɓa, ya fito yana tafiyar mai sauri kamar an aike shi, ana cewa "zo mu ci" kafin a rufe baki ya cire takalmi. Ya ci gwaza a nan, ya sha romon kifi a can, ya je gida na gaba ya cike da shayi.

Nas Kelera, wadda ke riƙe da ɗakin shan magani, ta sami Ilaitia ta ce masa idan cutar nan ta shigo tsibirin ba ta bukatar ƙafa, Waisale zai goya ta ya kai ta kowane ɗaki kyauta. Ta ce a hana shiga gidajen mutane.

Ilaitia ya tare Waisale a bakin rijiya, ya haɗe rai, ya karanta masa doka. Amma ina, taubashi ba ya jin faɗan taubashi, duk abin da ka faɗa masa wasa ne, kuma al'ada ta ɗaure masa gindi.

"Kai dai baƙin ciki kake yi don ba a son ganinka a bakin tabarma," in ji Waisale. "Ni ɗan tarbiyya ne. Babba ya kira ni in ƙi zuwa? Ba haka kawunka ya rene ni ba."

Ya miƙa hannu ya jawo lasifikar tana rataye a wuyan mai ita, ya danna, ya saki gyatsa a ciki wadda sai da kaji suka watse.

Ilaitia ya koma gida yana huci. Ya zauna ya yi tunani irin na wanda aka ɓata wa rai, wanda ba kasafai yake haifar da alheri ba. Tun da ba zai iya hana Waisale amsawa ba, sai ya hana a kira. Da yamma ya fito ya shelanta cewa daga yau an haramta tayin abinci a Vunitavola har sai cuta ta wuce. Kowa ya ci nasa bakinsa alaikum.

Washegari gari ya zama kamar an yi mutuwa. Mutane suka riƙa cin abinci suna sunkuyar da kai kamar ɓarayi. Malamin makaranta ya wuce ta ƙofar ƙanwarsa tana cin rogo, ta bi shi da ido ba ta ce komai ba, ya san da dokar sarai amma duk da haka ya je gida ya ce wa matarsa dama ya daɗe da sanin yarinyar nan ba ta ƙaunarsa. Wasu tsofaffi biyu da suka yi shekaru suna kamun kifi a kwalekwale ɗaya suka daina gaisawa. Fasto da kansa aka gani yana bin bayan gidaje ta cikin ayaba, wai don kada ya jefa mabiyansa cikin zunubi.

Mata ne suka nemo mafita. Tun da an hana magana ba a hana gyaran murya ba, sai aka koma idan mutum ya gifta a yi masa tari. Tari ɗaya daga mai gida, ɗaya daga uwar gida, yara su biyo baya. Mai wucewa shi ma ya yi ɗan tarinsa na godiya ya wuce. Abin ya yi wa kowa daɗi, zumunci ya fara dawowa, har ranar da Nas Kelera ta ratsa gari da tsakar rana, lokacin da kowa ke kan abinci. Tun daga gidan farko har bakin teku tari ake yi mata, gida bayan gida. Ta iso wurin Ilaitia da takunkumi biyu a fuska, ta ce an gama da su, za ta kira babban asibiti a turo jirgi da masu fararen kaya a kwashe gari gaba ɗaya. Da ƙyar aka fahimtar da ita cewa girmama ta ake yi. Da yamma Ilaitia ya hana tari. Aka koma buga murfin tukunya, shi ma ya hana.

Yana cikin jin daɗin wannan nasara Salanieta ta tambaye shi ko ya lura hayaƙi ya daina tashi a madafin mahaifiyarsa.

Bai lura ba. Bubu Torika, kamar yadda duk gari ke kiranta, ita kaɗai take zaune a gidan da ke kan hanyar coci tun rasuwar mijinta. Ba wanda ya kai ta tayi a tsibirin nan. Muryarta har masu kwalekwale a kan ruwa take cimma, kuma an sha jin ta yi wa mutum tayi yana can saman bishiyar kwakwa. Ita ba ta yi tari ba, ba ta buga murfi ba. Da ta ji shelar ɗanta sai ta kife tukwanenta ta zauna. Salanieta ta ce ta aika mata da kifi da ganyen gwaza a madarar kwakwa, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ruwan ganyen lemo kawai tsohuwar ke sha, ga ta da ciwon suga.

Ilaitia ya miƙe nan take. Ya tafi ya tsaya a bakin tagarta daga nesa, kamar yadda dokarsa ta ce. Ya hango ta zaune a kan tabarma tana saƙa mafici, ta rame, wuyanta ya zama kamar na kaza. Ya ce Inna don Allah ki ci abinci. Ta ce ai ita mai biyayya ce, mai unguwa ya hana tayi, ita kuwa tun da uwarta ta haife ta loma ba ta taɓa wuce mata maƙogwaro ba tana kallon mutum yana wucewa. Ya ce to ta rufe ƙofa mana. Ta dube shi kamar ya ce ta yi tsirara a coci. Ya ce to ta yi tayin a hankali yadda ba wanda zai ji, shi zai kau da kai. Ta ce ita ba ta karya dokar ɗanta a ɓoye, idan tsohuwarsa ta raina shi wa zai girmama shi?

Nan ya hasala, ya ce duk Waisale ne ya jawo wannan masifa, mutum kamar rumbu, ba kunya ba ta ido.

Tsohuwar ta ajiye maficin.

"Bar Waisale," ta ce. "Tun da ubanka ya rasu, wa ya taɓa cire takalmi a ƙofar nan in ba shi ba? Kullum sai ka wuce ta nan, kullum sai na kira ka. Na gode Inna, na ƙoshi. Na gode Inna, ana jirana. Shi yana zama, ya cinye mini kifi, ya yi mini ƙaryar Turawan otal, in yi dariya in ci nawa. Da ka hana tayi ai ba bakin Waisale ka rufe ba."

Ta ɗauki maficinta ta ci gaba da saƙa. Ilaitia ya tsaya da lasifika a ƙirji, kunya ta rufe shi. Ya laluba a ransa ko zai tuna ranar ƙarshe da ya zauna a tabarmar nan, abin da ya samo shi ne zaman makokin mahaifinsa.

Ya nufi ɗakin shan magani ya tambayi Nas Kelera ko cutar nan tana bin murya. Ta ce ita yaushe ta ce a hana tayi? Shiga ɗaki ta ce a hana. Wanda ya ga dama ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, in ma abincin za a ci a ci, muddin a waje ne, da tazara, kowa da kwanonsa. Ta ƙara da cewa ta yi zaton wata al'ada ce ta masu unguwa shi ya sa ba ta sa baki ba.

Janye doka ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya saba jin muryarsa tana amsa-kuwwa. Ya so ya bari sai yamma, ya lulluɓe maganar cikin wasu sanarwoyi yadda ba za ta yi zafi ba. Amma ya tuna wuyan nan. Rana tsaka ya tsaya a ƙofar mahaifiyarsa ya danna lasifika, ya ce mai unguwa ya yi kuskure, tayi ya halatta, shiga ɗaki ne dai babu.

Kai ka ce buɗe wa awaki ƙofa aka yi. Gari ya kaure da "zo mu ci" ta kowace kusurwa, alhali ba mai wucewa, kowa na gida. Maƙwabci na yi wa maƙwabci ta taga. Ƙanwar malamin makaranta ta fito tsakar gari tana ƙwala wa yayanta kira har da kuka. Tsofaffin nan biyu kowanne ya tsaya a ƙofarsa yana rantsuwa shi ya riga yin tayi, faɗa ya nemi dawowa sabo.

Gidan Bubu Torika kaɗai ya yi shiru. Can sai ga hayaƙi siriri daga madafi. Ilaitia ya tsaya a rana yana jira, gumi na bin bayansa, har ƙamshin rogo da kifi ya fara fitowa. Ta shimfiɗa ƙyallenta a bakin ƙofa, ta jera kwanoni, ta zauna, ta yi addu'a. Sannan ta ɗago ta gan shi tsaye ƙiƙam.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi mini a ka kamar mai bin bashi? Ana yi wa na tsaye tayi ne? Koma ka wuce kamar mutum."

Mai unguwa guda, da furfurarsa, ya juya ya zaga ta bayan coci, ya gyara ɗaurin zane, ya biyo hanya yana kallon gaba wai shi mai wucewa. Mutane suka leƙo ta tagogi. Ya zo daidai ƙofar, ba ta ce komai ba. Ya rage sauri. Ya kusa wuce gidan, sannan muryar ta fito, ta dushe, ba ta ko kai bakin hanya sosai ba.

"Ilai. Zo mu ci."

Bakinsa da ya saba ya fara da kansa, "Na gode Inna, na ƙo..." Ya haɗiye sauran. Ya cire lasifikar daga wuya ya ajiye a kan ciyawa, ya cire takalmi duk da a waje yake, ya zauna a gindin mangwaron da ke fuskantar ƙofarta.

Matsalar miƙo kwano ta taso, don ita ba za ta taso ba, shi kuma ba zai matsa ba. Sai ga Waisale ya ɓullo daga bayan gida da filafilin kwalekwale a kafaɗa, kai ka ce dama can an aike shi. Ya ce shi ma'aikacin otal ne, kai abinci sana'arsa ce. Aka ɗora kwano a kan filafili ya miƙa wa Ilaitia daga nesa, bayan ya cire kan kifin ya jefa a baki, wai ladan dako. Ya nemi nasa gindin bishiyar ya zauna ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

Rogon bai gama nuna ba, gishirin kuma ya yi yawa, don yunwa ta galabaitar da tsohuwar. Ilaitia ya ci bai ɗago ba. Da ya saci kallonta sai ya ga ba ta taɓa nata ba, shi take kallo, tana bin kowace loma daga kwano zuwa bakinsa. Sai da ya miƙa kwanon ya ce a ƙara masa, sannan ta gutsuri rogo ta kai baki.