Sifilin da Murjanatu Ta Aika

Yatsan Murjanatu ya daɗe a kan wayar bai danna komai ba. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin ƙauyensu, kuma duk Litinin sai ta aika wa ofishin lafiya adadin waɗanda suka zo da alamun sanƙarau. Da wannan adadin ake raba magani, inda ya fi yawa can mota ke nufa. A makon nan yara biyar ta gani, har an binne biyu.

Mijinta Attahiru yana tsaye bakin taga, jikinsa duk warin albasa.

"Ki hwa yi tunani, Murja. Bara da anka ce akwai ciwo garin su abokina Rufa'i, wane direba yas sake shiga? Albasassu duk ta ruɓe cikin rumbu."

"Ɗiyan mutane na mutuwa, Malam."

"Kwanansu na yaƙ ƙare. Mako guda ɗai, mu yi lodi, sannan ki hwaɗi abin da kinka ga dama. Dattawa sunka aiko ni."

Dattawan ba yara ba ne, sun san da ɗan gari akan ci gari. Albasa kuwa a nan ita ce aure, ita ce rufin ɗaki. Tsoro ya kama Murjanatu, ba na ciwon ba, na bakin mutanen da za ta ci gaba da zama cikinsu. Ta runtse ido ta danna sifili.

*

Manyan motoci suka yi ta shigowa suna fita da lodi. Wanda bai taɓa gaishe ta ba ma sai da ya koyi cewa "sannu da aiki, Malama". Gawa kuwa da sassafe ake kai ta, ba a ko ɗaga murya wajen kuka.

Ran Alhamis 'yarta Ihsan ta ƙi shan kunu, tana ta kare idanunta daga haske, jiki zafi rau. Murjanatu ta sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyar yarinyar ta ɗaga a hankali. Wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ya sandare kamar muciya.

Nan take ta kira Goodluck, jami'in da ke tattara rahotanni a ofishin lafiya.

"Haba Sista, ai ku ba ku da ko mutum ɗaya," in ji shi. "Shi ya sa muka tura allurar duka garin Maiyama tun Talata."

"Yaushe za a kawo wata?"

"Sai an haɗa lissafin mako mai zuwa. Mutum nawa ne? Sista, kina ji na?"

Ta sauke wayar, ta juya wajen ƙofa. Attahiru ne ya yi sallama, dawowarsa ke nan daga kasuwar Jega, bakinsa har kunne. Ya dubi matarsa, ya dubi tabarmar da Ihsan ke kwance. Sai ya tsaya cak a bakin ƙofa, riƙe da sababbin takalman yarinyar, ba a ko tsinke zaren da ya haɗa su ba.