Ɓerayen da Ba a Ba Giya Ba

Wata biyar Sirinthip ta yi tana aiki da ɓeraye a wani ɗakin bincike a Khon Kaen. Rabinsu ana zuba musu giya a ruwan sha, rabi kuma ruwa zalla. Tana haska musu zane a allo, na'ura tana auna saurin da ƙwaƙwalwarsu ke amsa abin da ido ya gani. Da wannan aikin za ta kammala digirinta a watan Maris.

Masu shan ruwa zallan ne suka hana ta sakat. Sau huɗu a wata, su ma sai ganinsu ya yi nauyi kamar na mashaya.

Zarginta ya sauka kan Worawut, abokin karatunta, wanda suke rigimar na'urar da shi tun bara.

"Yaya Wut, ka taɓa kwalaben ruwana?"

"Ni? Ko ɓerayenki na satar fita shan giya ne, a bayan idonki?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗiga jan farce a murfin kowace kwalba don ta gane in an buɗe. Ba wanda ya motsa su, amma sakamakon ya sake lalacewa. Ta rubuta wa Farfesan da ke duba aikinta ƙarar Worawut.

Daga baya ta jera ranakun da abin ke faruwa a takarda. Ba su bin mako, wata suke bi: ranakun zuwa haikali ne.

Da ranar ta zagayo, ta yi sammako. Ta tarar da Gwaggo Lamduan, wadda ta shekara ashirin tana share kejin ɓerayen, durƙushe da ƙaramin cokali da ƙunshin ganyen ayaba. Khao mak ne a ciki, shinkafar nan mai zaƙi da ake bari ta kwana uku ta tsumu.

"Gwaggo, me kike ba su?"

"Ɗan abin lada ne, 'yar nan. Waɗancan 'yan giyar suna shagalinsu, waɗannan bayin Allah kuwa ruwa kawai, kuma rana ɗaya za ku kashe su."

"Akwai giya a cikinsa."

"Giya? Rufa mini asiri! Jikata ma tana ci. Ni da na riƙe haramcin giya tun ina budurwa?"

Gwaggo ta tsaya, cokalin a hannu. "Za ki gaya wa Farfesa?"

Ƙarfe goma Sirinthip ta shiga ofishin Farfesa. Takardar ƙararta tana kan tebur.

"Worawut ba shi da laifi, Farfesa. Zan sake farawa da sababbin ɓeraye."

"Maris fa?"

"Sai baɗi."

"To wane ne mai laifin?"

"Ni ce. Ban rubuta a jikin kejin abin da aka hana ba su ba."

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. Bai yarda ba, ta gani. Ya ja takardar ya jefa a kwando.