Layin Zinariya da Aka Goge

Ba wanda ya gayyace ni ran da aka zuba gonakin garinmu cikin inji. Amma a zauren Mahdi maƙwabcina aka yi aikin, katanga guda ce tsakanin zauren da ɗakina, katangar ma da ɓula. Na yi ta kai ma baƙin ruwa har randarmu ta kusa ƙafewa, su kuwa ko ƙishi ba su ji.

Su biyu ne. Akwai Mutari, wani dogo mai tabarau da wata ƙungiya ta turo daga Bouza, sai Fiddausiya jikar ƙanwata, wadda ta yi lakwal, wato karatun boko, har Tahoua ta koyo ordinatar, injin nan da wasu ke ce ma kwamfuta. Aikinsu su rubuta mai kowace gona a fakon da aka raya bayan gari, hanyar Tama, don kowa ya samu takarda mai hatimi.

Fiddausiya ta nuna mini abin, don ta san in ba ta nuna ba zan leƙa da kaina. Tabulo suke ce masa. Ni dai gadon albasa na gani, layi-layi, kowane layi da ɗakunansa. Gida guda layi guda: lambar gida, sunan mai gida, faɗin gona. Shi ke nan.

Tun da safe na ji suna musu ta ɓular nan. Ita ta ce tabulo biyu ya kamata a yi, ɗaya na gidaje, ɗaya na gonaki, a ɗaure su da lamba, yadda gida guda zai ɗauki gonaki da yawa, kowace da sunan mai ita. Shi ya ce babban injin da ke birni an riga an yanka shi a kan layi guda, haka ya yi a garuruwan baya, ga damina ta matso, mota kuma ba za ta jira su ba. Ba mugu ba ne Mutari, har goro ya ba ni. Gajiya ce dai ta cika masa ido. Yarinya dai na ga bakinta ya yi tsawo.

To, ga inda Zinariya ta shigo. Sa'ata ce, tare muka yi tashen ƙuruciya, ta fi ni kyau na fi ta baki. Mijinta Idris ya rasu da daɗewa, ɗiyanta mata duk sun yi aure nesa, tana zaune gidan wan mijinta Rabo, daga rumbunsa ake auna mata. Abin da ke nata a duniya gamanarta ce, wato 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ban da gandun gida. Wurin a da fako ne, ko akuya ba ta tsayawa. Lokacin da aikin raya fako da duwatsu, irin wanda aka yi a garin Keita, ya iso wajenmu, Zinariya ta ɗebi dutse a ka har gashin tsakiyar kanta ya ƙare, ta jera shi layi-layi don ya tare ruwa. Yanzu kuɓewa take fiddawa a wurin, da wake da yakuwa, ga magarya da ta dasa da hannunta. Duk gari ba mai ce ma wurin komai sai gamanar Zinariya.

Fiddausiya ta san haka. Sai ta yi dabara, ta buɗe ma Zinariya layi nata na daban, ta sa masa lambar gidan Rabo, tunda can take kwana.

Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka cikin garinmu, sai an hau tudun bayan rijiya, can ma zuwa yake yana ɓacewa. Shi ya sa ba a tura layukan ɗai-ɗai. A tara su ake yi, a tura gaba ɗaya awa an juye ƙwarya a buhu. Bayan azahar suka hau tudu da injinsu, na bi su da sandata wai neman tunkiya nake. Yarinya ta danna, muka jira. Sai injin ya tofar da komai. Ba layi guda ya ƙi ba, gari duka ya maido, har na liman. Mutari ya duba ya duba, ya gano lambar gidan Rabo ta fito sau biyu, injin kuwa ba ya karɓar lamba guda sau biyu. In layi guda ya ɓaci, duk sauran sun ɓaci tare da shi.

Bai yi faɗa ba. Ya ce hanya biyu ce: ko a goge layin tsohuwa a haɗa gamanarta cikin faɗin gonar Rabo, ko a yanka mata sabuwar lamba, ta zama gida da kanta. Shi a ganinsa ta biyun ba ta da wuya, danna yatsa ne kawai. Bai san a garinmu wanda ya zama gida da kansa ya raba tukunya ke nan ba.

Aka sauko zaure, aka kira Rabo, aka kira Zinariya. Kafin su iso labari ya riga ya zaga gari, ban san ta yaya ba. Maza sun cika ƙofa, kowa na jin takardarsa ta maƙale saboda tsohuwa guda. Zinariya ta durƙusa daga gefe, ta ja mayafi, don ko sunan Rabo ba ta faɗa, balle ta haɗa ido da shi.

Rabo ya saurara da kyau, yana jan tasbaha. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ta ba:

"Ni ban hana ba. In tana son lamba a ba ta. Sai dai duk wanda na ga yana da lamba a garin ga, rumbunsa yake buɗewa."

Gamanar nan ko a shekarar albarka ba ta kai mutum tsakiyar rani, kowa ya sani. Ni sai bakina ya kufce, na ce to a sa ta cikin layina mana, mu zauna tare. Fiddausiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, ke ma ba ki ciki. Ɗanki Kawu Abdoulkadir ne a layin." Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ga ta taɓa ni.

Yarinya ta matsa kusa da Zinariya tana lallashi, wai ta karɓi lambar, ita za ta riƙa aiko mata da abin da ta samu. Zinariya ta dubi tafin hannunta. Sai ta ce:

"Goge, ɗiyata. Ai duwatsun ba a cikin injin suke ba."

Aka goge. Suka koma tudu kafin la'asar ta yi sanyi, aka danna, gari duka ya wuce ba tangarɗa. Mutari ya yi hamdala. Fiddausiya ta shiga mota ba ta yi mini sallama ba.

Daminar nan Zinariya ta yi nomanta awa kullum, har ta kawo mini kuɓewa tana tsokanata wai ina tsoron da nake mata na rasa gamana ya tafi. Takardu suka zo bayan kaka, Rabo ya sa tasa a leda ya ajiye ƙarƙashin katifa. Matarsa ce ta gaya mini, ba tambaya na yi ba.

Da rani ɗansa Fahad ya dawo daga cirani ya yi aure. Sabon ango na son wurin kansa, gandu kuwa ya yi ma 'yan gida kaɗan. Rabo bai ƙwace komai ba, haka ya faɗa ma liman. Gonarsa ce a takarda, ya yanka ma ɗansa gefe.

Ran da ruwan farko ya sauka, Zinariya ta ɗauki gammonta ta tafi gyara duwatsun da suka goce. Ta tarar da Fahad ya riga ta. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi dutsen da ke kanta ya ce, "Inna, ki koma ki huta, kin yi naki."

Fiddausiya ta kira ni a salula kwanakin baya, tana murna wai an yarda da maganarta, garuruwan da suka rage tabulo biyu ake musu. Na ce namu fa? Ta ce ana iya gyarawa, in mai gonar da ke rubuce ya sa hannu. Na ce mata ta gaida mutanen Tahoua.

Jiya na leƙa Zinariya. Tuwo na gabanta, cike da akushi, Rabo bai rage mata ko loma ba. Ta ci kaɗan ta rufe. Da zan tafi ta kwance wani ƙullin tsumma ta miƙo mini, irin kuɓewarta ne da ta zaɓa tun kaka, manya-manya. Na karɓa na taho da shi. Yana nan rataye a ɗakina, ban san inda zan zuba shi ba.