Mutum Na Sittin Da Biyu

Ranar da labarin ya iso mata, tana tsugune a bakin famfo tana wanke farar rigar mijinta, rediyo na kan taga. Mai karanta labaran rana ya ce annobar ta sake cin mutum ɗaya, namiji ɗan shekara arba'in da uku, shi ne na sittin da biyu. Ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri," ta ci gaba da cuɗa wuyan rigar.

Da yamma direban gidan rediyon ya tsaya a bakin ƙofa, hanci da baki a rufe, ya ce an aiko shi ya karɓi rikodar ofis. Ta ce ai maigidan zai buƙace ta in an sallame shi daga asibiti. Direban ya sunkuyar da kai.

"Au, ba a faɗa miki ba? Tun da safe ma'aikatan lafiya suka binne shi."

Mijinta ɗan rahoto ne, shekararsa goma sha shida a gidan rediyon nan. Wata biyu kafin wannan rana aka tura shi horon kwana uku a wani otal, kan yadda ake ba da labarin annoba. Ya dawo da jaka, da takardar shaida, da baki cike da dokoki. Yana cin abinci yana yi mata darasi.

"Uwargida, ki riƙe wannan: ba a faɗin sunan mai cutar. Lamba ake ba shi."

"Lamba sai ka ce motar haya? Mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa?"

"Don kada a tsangwami iyalinsa ne. Kariya ce. Da kin wuce aji huɗu da kin gane."

"Da na wuce aji huɗu da ban aure ka ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. A makon ne ya ɗauki ɗan saƙon da ake sawa kafin labaran rana, da muryarsa: "Ku wanke hannu, ku guji jita-jita. Kuna da haƙƙin sanin gaskiya." Kuma tunda shi ya yi horon, shi Edita ya riƙa turawa sansanin masu cutar. A zuwa na uku ya dawo da zazzaɓi.

Bayan rasuwar aka killace ta da 'ya'yanta mata biyu, kwana goma sha huɗu. Ba wanda ya zo gaisuwa. Na kusa tsoro ya hana su, na nesa kuwa ba su sani ba, don kullum suna jin muryarsa garau. Ran da aka buɗe musu ƙofa, ta sa babbar 'yarta ta rubuta layi biyu a takarda, ta nufi gidan rediyon.

Edita na hango ta ya ja kujerarsa baya.

"Matarmu! Sannu da haƙuri. Tsaya daga nan ma ina jin ki."

"Ranka ya daɗe, sanarwar rasuwa na kawo. Shi ya karanta ta mutane shekara da shekaru. Tasa nake so a karanta, sau ɗaya."

"Kin ga, mun sa hannu a ƙa'ida. Ba ma faɗin sunan wanda annoba ta kashe."

"Don iyali aka yi ƙa'idar, haka ya gaya mini. Ni ce iyalin. Na yafe kariyar."

Edita ya juya wa sakatariyarsa yana dariya. "Ashe ita ma ta yi horon! Da mun sani da ita muka tura." Sai ya gyara fuska. "Masu horarwar suna sauraronmu. Ƙarshen wata za su zaɓi gidan da ya fi kiyaye ƙa'ida. Ba za ki so a ce a kan mijinki muka faɗi ba."

"To ku ce ya rasu kawai. Kar ku ambaci cutar."

"Haba, matarmu. Wannan ai ɓoye bayani ne. Ba ma ba jama'a rabin labari."

Ta tsaya da takardar a hannu, ba wanda ya miƙo nasa.

"To ku cire muryarsa. Mutane na zaton yana raye."

"Muryar ta zauna, jama'a sun saba da ita. Kuma ke ma ai kin samu abin tunawa."

Sakatariyar ta bi inda ta tsaya da feshin magani tun kafin ta kai ƙofa.

Gidan rediyon ya zo na ɗaya. An ce a horo na biyu har misali aka ba da su: ma'aikacinsu ne ya mutu, amma ko da kuskure sunansa bai fita ba. Aka tafa musu. Ita kuwa har yau in ta je kasuwa, akwai wata tsohuwa mai sayar da sabulu da ke ce mata, "Ki gaishe da mai muryar nan, jiya ma na ji shi." Sau biyu ta gaya mata gaskiya, tsohuwar ta ce da a ce gaskiya ne, da rediyo ya faɗa. Yanzu ta daina gyara mata, sai ta ce zai ji.

Kullum saura minti biyu labaran rana su shigo, takan ajiye abin da take yi ta kunna rediyon da ke kan taga. Sai mijin ya ce a wanke hannu, ya ce suna da haƙƙin sanin gaskiya. Yana rufe baki sai ta murɗe rediyon, ta faɗi sunansa da na ubansa, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, sannan ta koma bakin aikinta.